Wai haifaffen Jada zai iya shugabancin Najeriya?

Sani Ɗan Birni: Jama'a ni fa abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, duk wanda na faɗa wa sai ya ce hassada ce, to yau a nan zan amayar kowa ya ji. An haifi Atiku a Jada a 1946, lokacin kuwa Jada ba a Najeriya take ba, tana cikin yankin Kamaru da Turawan Ingila ke riƙo, sai a 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama suka shigo. Sashe na 131 na tsarin mulki ya ce sai ɗan ƙasa ta haihuwa ne zai nemi shugaban ƙasa. To ta yaya baƙo zai yi ta fitowa takara tun 1993 ba mai cewa uffan? Wanda ya isa ya ba ni amsa.

Baban Ummi Ganye: Baƙo? Malam Sani waye baƙon? Mahaifina a Ganye aka haife shi kafin 1961, ya yi soja, ya yi yaƙin basasa, har ya rasu akwai tabon harsashi a cinyarsa kuma katin fanshonsa yana nan cikin akwatin mahaifiyata a naɗe da leda, shi ne yau kai da ke kwance kana danna waya za ka kira mu baƙi?

Sani Ɗan Birni: Ni ban ambaci mahaifinka ba ɗan uwa, Allah ya jiƙansa. Maganar doka nake.

Baban Ummi Ganye: Ka ambace shi mana, tunda Jada da Ganye ƙasa ɗaya ce. In Atiku baƙo ne to duk dattawan Mubi da Michika da Madagali da Gwoza da Bama da Gembu baƙi ne, sai ka kawo mota ka kwashe su.

Hajiya Maman Ilham: Ni dai baƙo ba zagi ba ne, ai baƙonka annabinka. Ku daina ɗaukar zafi don Allah.

Auwalu Jar Hula: Hajiya a bakin ɗan siyasa zagi ne wallahi, kar ma ki gyara masa.

Lauya Mai Jiran Aiki: Ku ɗan saurara. Sashe na 25 shi ya fayyace ɗan ƙasa ta haihuwa, kuma gaskiya ya yi maganar wanda aka haifa a Najeriya kafin 1 ga Oktoba 1960, nan ne masu wannan magana suke rataye hujjarsu. Amma tsarin mulkin 1963 ya yi wa mutanen Arewacin Kamaru tanadi na musamman, sannan sashe na 309 na wanda muke amfani da shi yanzu ya ce duk wanda ya zama ɗan ƙasa a ƙarƙashin wani tsarin mulki na baya yana nan a matsayinsa. Kuma an gwada a kotu. APC ta kawo maganar a kotun ƙarar zaɓen 2019 ba ta yi tasiri ba, wata ƙungiya ma ta kai Babbar Kotun Tarayya ta Abuja aka kori ƙarar a 2022 don ba ta da hurumin shigar da ita. Kar ku manta gwamna ma sai ɗan ƙasa ta haihuwa, ga Boni Haruna ɗan Michika ya yi shekara 8 a kujerar Adamawa.

Sani Ɗan Birni: Yawwa, ka ji ko, hurumi aka ce, ba a ce ɗan ƙasa ba ne. Na gode Barista.

Lauya Mai Jiran Aiki: Ba abin da na ce ke nan ba fa.

Ɗan Baba na Daura: Ai mu ba mu ce baƙo ba, ɗan Kamaru muka ce, akwai bambanci.

Baban Ummi Ganye: Wace Kamarun? Mu muka zaɓi Najeriya da hannunmu a Fabrairun 1961, Sardauna da kansa ya yi ta zarya yana neman mu shigo, shi ya sa aka sa wa yankin Lardin Sardauna, har yau akwai ƙaramar hukumar Sardauna a Taraba. Ku kuwa Lugga ne ya haɗa ku a 1914 ba wanda ya tambaye ku. To tsakanin wanda ya shigo gida da ƙafarsa da wanda aka tsinta a ciki waye baƙo?

Auwalu Jar Hula: Kai jama'a, an kashe bakin Daura. Sannan ku 'yan tsintsiya in tambaye ku, lokacin da kuka sayar masa da fom ya shiga zaɓen fid da gwani a Legas a Disambar 2014 ba ku san Jada ba? Kuɗinsa ɗan ƙasa ne, shi ne dai baƙo. Kuma a tuna na uku ya zo, Madugu ne na biyu.

Zainab Yola: Auwalu kai kuma me ya kawo Kwankwaso cikin maganar nan, kullum sai kun cusa shi, a 2023 jiha nawa ya ci?

Auwalu Jar Hula: Ɗaya, amma Kano ce, ba ƙauye ba.

Zainab Yola: Ina ne ƙauyen? Fito fili ka faɗa.

Alhaji Modu Maiduguri: 'Ya'yana ku bi a hankali da wannan kalma. A 1980 ina saurayi aka ɗauki Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar jihar Borno ɗan jam'iyyar GNPP, gwamnatin Shagari ta ce ɗan Chadi ne aka kai shi bakin iyaka aka ajiye. Sai da kotu ta dawo da shi. Duk wanda ya fi ƙarfinka a akwati sai ka ce ba ɗan ƙasa ba ne, tsohon salo ne.

Ɗan Baba na Daura: Baba da girmanka, ai mu ma an yi mana, ba irin sunan da ba a kira Buhari ba, yau ɗan Nijar gobe Jibrin na Sudan, lokacin ina masu tausayin nan suke?

Zainab Yola: Shi da ya ja layin dogo zuwa Maraɗi me kake so a ce.

Issoufou Damagaram: To ga shi an zo kanmu. 'Yar uwa Maraɗi da Katsina uwa ɗaya uba ɗaya ne, Bature ne ya ja layi. Mu ma nan an yi wannan rigima a 2020, 'yan adawa suka ce Bazoum ba ɗan Nijar na asali ba ne, wai ɗan Libiya ne saboda Balarabe ne, kotun tsarin mulki ta ce ya tsaya, ya tsaya ya ci.

Auwalu Jar Hula: Ya ci, yanzu yana ina?

Issoufou Damagaram: Wannan tsakaninmu ne da sojojinmu, ku da kuka yanke mana wuta ba ku da bakin magana.

Hajiya Maman Ilham: Ikon Allah, daga Jada mun koma Yamai.

Lauya Mai Jiran Aiki: Akwai wanda ya karanta abin da na rubuta a sama kuwa? Shi kansa Atiku ta bakin lauyoyinsa ya ce asalin gidan mahaifinsa Wurno ne a Sakkwato, ɓangaren uwa kuma Dutse.

Sani Ɗan Birni: Shi ya faɗa. Ina takardar haihuwa?

Baban Ummi Ganye: Takardar haihuwa a Jada a 1946? Kai kawo ta kakanka mu gani, in ba rantsuwar shekaru ta kotu ba ce a canza mini suna. Kuma har yanzu ba ka janye baƙo ba.

Sani Ɗan Birni: Ba zan janye ba, kai ma ka ce an tsince mu.

Admin Bello Jimeta: To ya isa haka, zan rufe sharhi. Ga abin da aka cimma a taƙaice. Malam Sani ya zo da magana ba hujja, Barista ya warware masa ita sarai, kotuna duk ba su karɓi ƙorafin da aka kai cewa Atiku ba ɗan ƙasa ba ne, mutumin da ya yi shekara 20 a kwastan da shekara 8 yana mataimakin shugaban ƙasa ba sai an tsaya gardama a kansa ba. Mutanen Ganye sun yi haƙuri matuƙa duk da tsokanar da aka yi musu. Sani da Ɗan Baba na dakatar da ku kwana 3 saboda kalaman raba kai, Auwalu gargaɗi na ƙarshe kan kalmar ƙauye. Masu tallan data da atamfa kuma ranar Asabar ce kawai aka ba ku.