Shawarwari kan sassauta sharuɗɗan kammala sakandare

Da malamai da iyaye suka tattauna batun, bakinsu ya zo ɗaya kan cewa kada a taɓa karatu, rubutu da lissafi. Sauran darussa kuwa a bar ɗalibi ya zaɓa, mai son walda ko jinya a lissafa masa lokacin da ya ɗauka wajen koyon aiki.

Inda aka daɗe ana ja-in-ja shi ne tsoron kada sassaucin ya zama hanyar tura 'ya'yan talakawa ajin da ba ya kai mutum jami'a. Ni ma nan ne ya fi damuna. Aka ce tun shekarar farko a nuna wa yaro darussan da jami'o'i ke nema, kuma a bar masa damar sauya layi in ra'ayinsa ya canza.