Neman kalma: yaya za mu ce repairable da Hausa?

Daga Garwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena mai gyaran waya yana son ya riƙa liƙa takarda a jikin tsofaffin wayoyin da yake sayarwa. Faransanci na da réparable, Ingilishi na da repairable. Da Hausa fa? Wani ya ce a sa "gyararre".

Daga Marwa: Wa alaikumus salam. Gyararre kam a'a, malam, wannan an riga an gyara shi ne. Abin da ake nufi shi ne kayan da in ya lalace bai fi ƙarfin mai gyara ba. Kuma ba sai mun ƙirƙiro komai ba, yana bakinmu tuni: tuwo yana ciyuwa, hanya tana biyuwa, haja tana sayuwa, to waya ma tana gyaruwa. A ce mai gyaruwa, jam'i masu gyaruwa, kishiyarsa marar gyaruwa.

Daga Kusiri: Allah ya ƙara basira, malam. Mu a gareji "zai ɗauki gyara" muke cewa. Sai dai a kula, babur yana iya gyaruwa amma kuɗin kayan gyaran ya kusa na sabo. In ka ce wa mai shi yana gyaruwa, ji zai yi kamar ka ce da arha.

Daga Injamena: Alhaji, Faransa ma ta lura da wannan. A ranar 1 ga Janairu 2021 aka fara liƙa wa wayoyi, talabijin da kwamfutocin tafi-da-gidanka maki bisa 10, ana duba sauƙin kwance su, samuwar kayan gyara da farashinsu. Ni sai in kira shi ma'aunin gyaruwa. Sannan Ingilishi ya raba kalmar biyu, mu da muka yi boko da Faransanci nan muke tuntuɓe. Repairable ta abin da ake taɓawa ce, waya ko injin ban ruwa. Reparable kuwa ta ɓarna ce, asara ko kuskure, kuma kishiyarta irreparable ta fi ta yawo a bakin mutane.

Daga Marwa: To wannan ta biyun kada a tilasta mata gyaruwa ko'ina. Tsakanin mutane ɓaraka ce mai ɗinkuwa. Asarar rai kuwa ba a mayar da ita.

Daga Garwa: Na gode ƙwarai. "Mai gyaruwa" za a rubuta, farashin gyaran kuma ya faɗa da bakinsa.