Neman kalmar Hausa: yaya za a ce "hemocompatibility"? Gobe zan shiga situdiyo

Mai_Shirin_Lafiya: Salam jama'a, dan Allah a agaza. Gobe ƙarfe 9 na safe zan naɗi shirin Ranar Ƙoda ta Duniya, kun san Alhamis ta biyu a cikin watan Maris ake yinta, kuma likitan da na tattauna da shi rabin maganarsa turanci ne. Inda na maƙale shi ne hemocompatibility. Yana bayani ne kan matatar nan da ake jona wa injin wankin ƙoda, wai masu bincike na ta gyaran abin da ake ƙera ta da shi don kada jini ya ɗauke ta abokiyar gaba. Na rubuta "dacewa da jini" amma raina bai kwanta ba.

Sista_Wankin_Ƙoda: Anti kar ki sa dacewa, wlh mutane za su ɗauka gwajin aure ne, AA da AS. Bari in faɗa miki abin da muke gani a ɗaki. Matatar kwalba ce ta roba, cikinta siraran bututu kamar gashi wajen dubu 10 ko fiye, jini na bi ta cikinsu ruwan wanki na bi ta waje, datti yana tsallakewa ta bangon. To jini da ya taɓa abin da ba jijiya ba sai furotin ya fara manne wa bangon, ƙwayoyin tsai da jini su biyo baya, kafin ki ankara ya fara daskarewa, shi ya sa muke sa hefarin, maganin hana jini daskarewa, kuma hefarin ɗin idan ya yi yawa ga mai gyambon ciki ko wanda aka yi wa tiyata sai zubar jini. Awa 4 ne fa, sau 3 a sati ga mai hali. Idan matata ta toshe jinin da ke ciki ya tafi ke nan, ga mutum dama jininsa bai isa ba.

Ɗan_Kemistiri: Ni "jituwa da jini" nake gani. Domin ba daskarewa kaɗai ba ce, har da garkuwar jiki. Tsohuwar matata ta kufurofen, wadda aka yi da selulos, sinadarin da ke jikin tsirrai, tana tayar da garkuwa har fararen ƙwayoyin jini su faɗi warwas cikin mintuna 15 na farko, an bayyana dalilin a 1977. Shi ya sa a shekarun 1980 aka koma folisalfon, wani nau'in roba, ana cakuɗa shi da wani sinadari mai suna PVP don ya riƙa jiƙa da ruwa furotin ya rage mannewa. Yanzu akwai wadda ake shafa wa bitamin E, akwai wadda ake liƙa wa hefarin a jikinta. Rigima ce tsakanin abu biyu ake son kashewa, to ai jituwa ke nan.

Malam_Nahawu: Yaro, jituwa ta masu rai ce. Kishiyoyi ke jituwa, roba ba ta jituwa da kowa. Kuma kalma uku ba suna ba ne, jimla ce. Ni tuni na ƙirƙiro: yardajini. A ce matatar nan tana da yardajini. Gajera, Hausa tsantsa, ba aro.

Sista_Wankin_Ƙoda: Allah gafarta Malam, faɗe ta da ƙarfi sau uku ka ji. Yar da jini. A rediyo mara lafiya zai ji an ce matatar tana yar da jini, wa zai sake zuwa? 😂

Malam_Nahawu: Karin sautin ba ɗaya ba ne, wanda ya san Hausa zai bambance. Matsalarku ke nan, duk abin da Bahaushe ya ƙirƙiro sai ku yi dariya, amma da Bature ya ce hefarin kun karɓa hannu bibbiyu. Su ma fa tasu kalmar, hemocompatibility, ɗinki ce, rabi Girkanci rabi Latin, ba wanda ya ce musu kanzil.

Ɗan_Damagaram: Gaisuwa daga Zinder. Mu nan diyaliz muke cewa kowa ya gane. Kuma tunda ana gyara, "wankin ƙoda" ɗin naku ma kuskure ne, ba a wanke ƙoda, jini ake wankewa. Na ga tsohon da ya ɗauka fito da ƙodar ake a wanke a mayar. Amma da yake daga Kano ta fito ta zama daidaitacciyar Hausa ko?

Malam_Nahawu: Diyaliz Faransanci ce ka lanƙwasa ta, kada ka zo mana da ita a matsayin Hausar Damagaram.

Ɗan_Damagaram: Kai kuma "injin" da "roba" a gonar kakanka aka shuka su, Malam?

Ɗan_Kemistiri: Ku yi haƙuri manya. Willem Kolff da ya fara haɗa injin wankin ƙoda a Holan a 1943, da ledar selofen ta ɗura tsiran Turawa ya yi, sai 1945 mara lafiya ta farko ta rayu. Bai tsaya neman suna ba. Af, Anti, bangon bututun nan ki ce tantani, kamar tantanin kunne, matata kuma duka kwalbar.

Malam_Nahawu: Mataci dai, ba matata ba. Matata ta man fetur ce, ko ka sa a ji kamar matar wani kake kira.

Mai_Shirin_Lafiya: Malam dan girman Allah kada a buɗe wani babin, 11 ta wuce ban ci abinci ba. Sista, ya kike gani idan na bi ta maganarmu ta yau da kullum, "jininsu ya haɗu"? Kamar in ce matatar da jini ya haɗu da ita.

Sista_Wankin_Ƙoda: Tana da daɗi amma ai kowace matata jini na haɗuwa da ita Anti, aikinta ke nan. Ki riƙe ta yaron nan, jituwa. Mu ma idan mutum ya fara ƙaiƙayi da ƙuncin ƙirji daga jona shi cewa muke jikinsa bai karɓi matatar ba, kusan abu ɗaya ne. Masu jinki daga Gashuwa da Haɗeja wannan ciwon ba baƙo ba ne a gidajensu, za su gane.

Mai_Shirin_Lafiya: To ga abin da zan karanta: "jituwar matata da jini, wato ta tace shi ba tare da ta sa ya daskare ko ta tayar da garkuwar jiki ba." Wankin ƙoda zan bar shi yadda yake ɗan'uwa na Zinder, amma zan ce jini ake wankewa.

Ɗan_Damagaram: Na karɓi rabi.

Malam_Nahawu: Ki karanta 'yata, shirinki ne. Ni dai a ajina yardajini zan ci gaba da koyarwa. Kuma mataci ne.