Ruwan Inabin Italiya da Aka Cire wa Barasa: Halal Ne?

Yaya Babba: Assalamu alaikum. Ga maganar da ta raba kanmu a nan birnin Berona na Italiya. Idan zafi ya shigo, Italiyawa farin ruwan inabi mai sanyi suke sha, irin Pinot Grigio na yankin Veneto, wanda barasarsa ta kai wajen kashi 12 cikin ɗari. Yanzu akwai wanda aka cire wa barasa, an rubuta 0.0 a jikin kwalba. Ni a ganina halal ne, tunda ba ya bugarwa.

Kawu: Wa alaikumus salam. Ɗana, ban yarda ba. Sai da aka matse inabin, aka bar shi ya tsima ya zama giya sosai, sannan aka dawo aka janye barasar. Majalisar fatawa ta Malesiya ta duba irin wannan a 2011, ta ce duk abin shan da aka bi hanyar yin giya wajen haɗa shi haramun ne, ko da an tace barasar.

Auta: Kawu, a ba ni dama in ƙara bayani. Ana zuba giyar a tukunyar da aka zuƙe wa iska, sai barasar ta tashi da ɗan ɗumi kaɗan, ƙamshin inabin bai ƙone ba. Amma Yaya, ka lura: dokar Tarayyar Turai ta 2021 ta yarda a kira shi "wanda aka cire wa barasa" ko da saura kashi 0.5. Italiya ma sai a Disamba 2024 ta amince a riƙa yinsa a ƙasarta, kuma ta hana masu tambarin DOC, wato shaidar hukuma ta yankin da ruwan inabin ya fito, shiga ciki.

Yaya Babba: To khal fa, wato ruwan tsamin nan da ake kira binega? Shi ma daga giya yake fitowa, kuma muna cin sa a salak.

Goggo: Ba ɗaya ba ne. A khal, barasar ce da kanta ta rikiɗe ta zama tsami, abin ya sauya gaba ɗaya. A nan kuwa rage ta aka yi. Kuma ko khal ɗin, a Sahihu Muslim an tambayi Annabi (SAW) ko a mayar da giya khal, ya ce a'a. Wanda malamai suka haɗu a kan halascinsa shi ne wanda ya juye da kansa.

Auta: Goggo, ai ko kunun zaki ya kwana a zafi yakan ɗan tsima, ba wanda ya ce a zubar.

Kawu: Mai kunu ba giya ta yi niyyar dafawa ba, Auta. Sannan kuɗinka wa zai je? Kamfanin da ya cika kwalbar mai barasa shi ya cika wannan.

Yaya Babba: Wannan ta ƙarshen ta kama ni, Kawu, amma kan asalin hukuncin ban gamsu ba tukuna. Zan kai wa limaminmu maganar ranar Juma'a.

Goggo: Kafin nan ka duba rubutun kwalba. In ka ga "dealcolato", an taɓa yin giya da shi. In ka ga "succo d'uva", matsattsen inabi ne kawai, sa shi a firij ka sha abinka.