Kyanwata mai ciwon suga tana ci kamar gara, amma sai ramewa take yi

Assalamu alaikum jama'a. Masu kiwon kyanwa, don Allah a ba ni shawara.

Likitan dabbobi ya auna jinin kyanwata ya ce ciwon suga ne, ya ɗora ta a kan allurar insulin safe da yamma. Shan ruwa da yawan fitsari sun ragu, amma cin yana nan. Tana lashe kwano ta biyo ni kicin da kuka, ga ƙashin bayanta kuwa a fili. Maganin tsutsa an ba ta tuni.

Auna ta ma ya zame mini aiki. Nakan hau sikelin gida da ita a hannu, in sake hawa ni kaɗai in cire, amma sikelin ba ya nuna ƙasa da rabin kilo, alhali ita duka ba ta wuce kilo 4 ba. Sikelin jarirai zai fi?

Zargina yana kan allurar. Insulin sanyi yake so, mu kuma wuta takan yi kwana ba ta zo ba, firij ya zama akwati. Zafi ne ya kashe ƙarfin allurar, ko sai an gwada tayirod ɗin kyanwar, wato ƙullin nan na wuya da idan aikinsa ya yi yawa yake kawo yawan ci da rama? In ƙara mata abinci kafin mu koma wurin likita, ko in bari?