Me za mu kira "cover crop" da Hausa?

Jama'a, ina neman taimako. Ina rubutu a kan yadda ake farfaɗo da filin da aka gama haƙar ma'adinai a cikinsa, sai na cije a kan wannan kalma. Ma'anarta shukar da ake yi ba don girbi ba, sai don ta rufe ƙasa.

Bari in faɗi yanayin filin tukuna, don a san abin da ake raɗa wa suna. Bayan an kwashe kwal, manyan motoci sun daddanne ƙasar ta yi tauri kamar daɓe, ta saman mai taki ta tafi ko ta jima a tare har ta mutu. Inda akwai dutsen fairait, wato dutse mai ɗauke da ƙarfe da farar wuta, da ya haɗu da iska da ruwa sai ƙasar ta yi tsami, dole a zuba mata garin farar ƙasa. Ruwan farko kuwa, idan ya tarar da ita tsirara, zaizaye ta zai yi. Shi ya sa a Amurka dokar 1977 da Shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu ta wajabta wa kamfanonin kwal mayar da tsirrai. Kamfani na ajiye kuɗin jingina, ba ya karɓar su duka sai shukar ta tsaya da ƙafarta: shekara 5 inda ruwan sama ya wuce inci 26 a shekara, shekara 10 inda bai wuce ba.

Amsar farko da na samu ita ce "amfanin rufi". Malam, na gode, amma ban karɓa ba. Da Bahaushe ya ji "amfani" a maganar gona, abin da za a kai rumbu yake gani, wannan kuwa a filin take mutuwa ta zama taki. "Rufi" ma kan ɗaki yake kai hankali.

Wata 'yar'uwa ta kawo "shukar sutura", tunda na ce ƙasar tsirara take. Wallahi ta burge ni, na kwana ina juya ta. Abin da ya hana ni shi ne mun saba cewa an yi wa mamaci sutura, mu kuwa tayar da ƙasar muke so, ba binne ta ba.

"Ciyawar rufi" ba ta yi ba, manomi ciyawa nomewa yake yi.

Na fi karkata ga "shukar lulluɓi". Lulluɓi ana yafa shi ne a kan abu mai rai, ana kuma yaye shi idan lokaci ya yi. Kalmar "shuka" ta raba ta da tattaka ko karan da ake shimfiɗawa, wanda shi ma lulluɓi ne amma matacce.

Sai dai a nan na gane kalma ɗaya ba za ta ishe mu ba. A tsaunukan Afalashiya da ke gabashin Amurka an daɗe ana watsa ciyayi masu ƙarfi irin su feskiyu, saboda suna rufe fili da sauri, mai duba aiki ya ga kore shar ya gamsu. Lulluɓi kam sun yi, amma sun shaƙe 'ya'yan itatuwa, suka cinye ruwa da haske, wuraren da a da kurmi ne suka zauna a fage shekara da shekaru. Daga baya masana gandun daji suka koma ba da shawarar a bar ƙasar a sake, kada a danne ta, zurfin aƙalla ƙafa 4, a kuma zaɓi tsirran da ba sa kokawa da itace. Akwai shukar da aikinta ke nan: hatsi mai saurin tsiro kamar alkama ko wani nau'in gero, ya riƙe ƙasa ya yi wa na ƙasa da shi inuwa, shekara na zagayowa ya mutu ya bar musu wuri. Turawa na ce mata "nurse crop". Ni "shukar raino" zan ce, don mai raino ba ta zama har abada, yaro na tasawa take sauke shi.

Saura irin da ake haɗawa a watsa tare: mai saurin tsiro, da ciyawa mai daɗewa, da dangin wake irin su alfalfa waɗanda ƙwayoyin da ke saiwarsu ke tara wa ƙasa naitirojin, sinadarin da ke ciyar da shuka. Wani ya ce "haɗin iri". Tsorona kada a ɗauka auren tsirrai ake nufi don fitar da sabon iri. Wani kuma cikin raha ya ce "haɗin gambiza", alhali wannan haɗin da awo ake yin sa. Na ɗauki "gaurayen iri".

Ga yadda jimlar ta fita: an watsa gaurayen iri, shukar raino ta fara tsirowa, shukar lulluɓi ta rufe filin kafin ruwa ya yi ƙarfi. Malaman aikin gona da ke nan, ku karanta ta da ƙarfi, ku gaya mini inda harshe ya yi tuntuɓe.