Na nemi "rini" a kwamfutar laburare ta ce babu, alhali littafin na kan kanta

Jikar Marina:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah masana harkar laburare ku taimaka mini. Ina rubuta kundin digiri na biyu a kan sana'ar rini a ƙasar Katsina. Kakana marini ne, a karofi ya ƙare rayuwarsa, har Allah ya yi masa rasuwa shuni bai bar faratansa ba. Shi ya sa aikin nan ba na ɗaukarsa da wasa.

A laburaren makarantarmu an kwashe akwatunan kati, an zuba komai a kwamfuta. Na rubuta "rini", ko littafi ɗaya bai fito ba. Na rubuta "baba", ina nufin ganyen da ake rinin da shi, sai ga littattafan hikaya da na tarbiyya, duk inda aka ambaci mahaifi a sunan littafi. "Karofi" ta kawo mini wani kundi a kan noma a garin Karofi na Dutsin-Ma. "Shuni" kuwa har Dange Shuni ta jihar Sakkwato ta kai ni.

Abin da ya fi ƙona mini rai, da na bi kantoci da ƙafata na tsinci wani littafi a kan sana'o'in ƙasar Hausa, da babi guda cur a kan marina, har da hoton mabuga suna bugun turkuɗi a kan gungume. Littafin yana cikin kwamfutar, don da na sa sunan marubucin nan take ya fito. To me ya hana shi fitowa da na nemi abin da yake magana a kai? Kuma ina jin ana cewa yanzu na'ura na karanta littafi ta fitar da maudu'insa da kanta. In haka ne, me ya sa tamu ba ta yi?

Dattijo daga Daura:

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya jiƙan kakanki, ya sa albarka a karatun. Rubuta katin littafi shi ne aikin da na yi har na ajiye, don haka bari in gaya miki abin da ke bayan allon nan.

Kwamfutar ba ta karanta littafin ba. Abin da aka zuba mata shi ne abin da ke kan katin da: sunan marubuci, sunan littafi, maɗaba'a, shekara, lambar kanta, sai layi biyu ko uku na maudu'i. Kamar rubutun bayan buhu ne, an sa "hatsi", ba a faɗi cewa akwai 'yar maiwa a ƙasan ba. Babin marina yana cikin littafin, amma bai hau katin ba, kuma da gangan ne. Ƙa'idar da aka koya mana ita ce ba a ba littafi kalmar maudu'i sai abin ya kai kusan kashi 20 cikin 100 na littafin. In babi ɗaya ne cikin goma sha wani abu, mai rubuta kati zai tsallake shi ya rubuta babban maudu'in, wato sana'o'in hannu.

Na biyu, maudu'in ba da ka muke rubuta shi ba. Akwai wasu manya-manyan jajayen littattafai na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, jerin kalmomin maudu'i ne da suka fara tarawa tun 1898. Tsarinsu shi ne abu ɗaya, suna ɗaya. Ko marubuci ya ce Fulani, ko ya ce Fulɓe, ko ya rubuta sunan da Faransawa ke kiransu da shi, a kati "Fula" za a sa, domin duk littattafan su haɗu wuri guda. Hikima ce babba, ni ban taɓa raina ta ba. Sai dai jerin duk da Turanci yake. Littafi ko da Hausa aka rubuta shi daga bango zuwa bango, maudu'insa da Turanci zai shiga. Saboda haka "rini" ba za ta taɓa fitowa a gurbin maudu'i ba.

Ga abin da za ki yi. Ki canza akwatin binciken daga na kowace kalma zuwa na maudu'i, ki sa "Dyes and dyeing", sannan ki sake da "Indigo", ki haɗa kowanne da sunan Najeriya. In kin sami littafi ɗaya mai kyau, ki buɗe cikakken bayaninsa ki duba kalmomin maudu'in da aka ba shi, ki latsa su, za su kawo miki 'yan uwansa. Ki riƙe lambar kantarsa ki je ki tsaya a gurin, ki duba na dama da na hagu. In tsarin Majalisar Amurka kuke bi, kamar yawancin jami'o'inmu, tarihin Najeriya yana DT515. In na Dewey ne, wanda ya fito a 1876, tarihin yana 966.9, rinin tufafi kuma ki leƙa 667.3 da 746.6.

Kada kuma ki tsaya ga rubutun "Katsina" kaɗai. Barth, Bajamushen da ya shigo garin a 1851, "Katsena" ya rubuta, a rubuce-rubucen Larabci kuma Kashna za ki gani, shi ya sa ake ce wa malamanmu al-Kashnawi.

Maganar na'ura mai karanta littafi kuwa na bar wa yara.

Mai Gyaran Manhaja:

Baba, Allah ya ƙara girma, ka gama magana a ɓangaren kati. Yaya, bari in ɗora a kan tambayarki ta ƙarshe.

Gaskiya ne ana yin fihirisa, wato fitar da maudu'in rubutu, da na'ura, kuma ba yau aka fara ba. A ƙarshen shekarun 1950 wani injiniyan kamfanin IBM, Hans Peter Luhn, ya kawo dabarar a ƙirga kalmomin rubutu: a zubar da ƙananan da ke ko'ina, sauran da suka fi maimaituwa su ne ke nuna abin da rubutun ke magana a kai. A 1972 Karen Spärck Jones ta jami'ar Kambirij ta ƙara abin da har yau injinan bincike ke tafiya a kai, cewa kalmar da ta bayyana a takardu kaɗan ta fi nauyi a kan wadda ke cikin kowace takarda. A laburaren da ke cikin Katsina, kalmar "Katsina" ba ta rarrabe komai, kusan kowane kundi na ɗauke da ita. Amma "turkuɗi" in ta fito sau da yawa a kundi ɗaya, to kundin naki ne.

Sai dai duk wannan sai an ba na'urar cikakken rubutun. Taku, kamar yadda Baba ya ce, katin kawai ta gani.

Ko an ba ta rubutun ma, Hausa na da nata tarnaƙin. Turanci yawanci a wutsiya kalma ke canzawa, shi ya sa tun 1980 Martin Porter ya rubuta 'yar dabarar da ke datse wutsiyar a sami saiwa. Ki gwada wannan da rini, marini, marina, rinanne, rine-rine. Canjin na gaba, na tsakiya, na baya. Ko doki da dawaki, akuya da awaki. Na'urar da aka saita da ƙa'idar Turanci kalmomi daban-daban take ganinsu. Ga kuma karin sauti da tsawon wasali da ba ma rubutawa, shi ya haɗa miki ganyen rini da mahaifi. Sai ta maƙwabtan kalma za a gane: in "baba" na kusa da "toka" da "karofi", ba mutum ake nufi ba.

Wanda ya fi ba ni ciwon kai a wurin aiki shi ne haruffa masu ƙugiya. A wurin kwamfuta ɗ da d haruffa biyu ne da ba su haɗa komai ba. Wani ya shigar da "turkuɗi", wani "turkudi", wani ya sa waƙafi a sama kamar yadda ake yi a tsohuwar tafireta, "turkud'i". Ke ma ki gwada duka ukun. Wannan kam yana da magani: manhajar Koha, wadda aka fara a ƙasar New Zealand kuma laburarori da yawa a Najeriya ke amfani da ita, ana iya saita injin bincikenta ya ɗauki ƙ da k, ɗ da d, ɓ da b a matsayin abu ɗaya lokacin nema, rubutun kuma ya zauna da ƙugiyarsa.

A wasu wuraren an yi nisa. Laburaren Ƙasa na Finlan ya ƙera wata manhaja kyauta mai suna Annif da ke ba da shawarar maudu'i. Laburaren Likitanci na Amurka kuma tun 2022 na'ura ce ke sa wa maƙalolin MEDLINE, rumbunsa na bayanan maƙalolin likitanci, maudu'i, mutane na bin bayanta suna duba wasu. Amma ki lura, daga miliyoyin bayanan da mutane suka riga suka yi da hannu ta koya. Mu da Hausa me za mu ba ta ta koya da shi? Ni dai ina ganin a fara ɗaukar hoton kundayen ɗalibai a mayar da su rubutun kwamfuta, ko bincike da kowace kalma ma ya samu.

Jikar Marina:

Baba na gode, Allah ya saka da alheri. Malam kai ma na gode. Na bi ta maudu'i kamar yadda aka ce, abubuwa sun fito, kuma tsayuwa a gaban kanta ta fi komai amfani. Sai dai kusan duk a kan Kano suke, marinar Ƙofar Mata da turkuɗin Kura. Na Katsina na tabbata yana cikin kundayen ɗaliban da suka gabace mu, waɗanda suka zauna da tsofaffin marina tun suna da rai. Ga su nan jibge a wani ɗaki, a kwamfuta kuwa sunan kundi da na mai shi kawai aka sa. Kundin da aka yi wa suna da tattalin arzikin wata gunduma, ta yaya zan san a ciki an yi bayanin yadda ake ƙona katsi, wato abin da ke kwantawa a ƙasan ruwan rini, a shafe ramin rini da shi? Irin wannan bayanin nake nema, kuma masu faɗinsa da baki suna ta ƙarewa.

Ma'aikaciyar Laburare:

Ƙanwata, a nan cikin birni nake aikin, kuma kukan nan naki kullum sai na ji irinsa a bakin tebur.

Malam mai manhaja, ɗaukar hoto na da kyau, amma ka taɓa ganin abin da na'ura ke yi wa tsohon kundin da aka buga da tafireta, aka bi da biro aka sa ƙugiyoyin da hannu? Rabin kalmomin a gurguje suke fitowa, sai an zauna an gyara. Balle rubutun ajami na hannu, wanda sau da yawa ko suna ba shi da shi, da kalmomin farkonsa ake gane shi. Ban ce kada a yi ba. Na ce akwai abin da ya fi kusa da hannu.

Tsarin MARC da muke shigar da bayani da shi gurbi-gurbi ne. Gurbi na 650 shi ne na maudu'in da Baba ya yi bayani, ba a sa masa sai abin da ke cikin jerin. Amma akwai 653, wanda aka tanada don kalmomin da ba sa cikin kowane jeri. Babu abin da ya hana mu rubuta rini, marina, karofi, shuni, turkuɗi a nan da Hausa. Akwai kuma 505, inda ake kwafe jerin babi-babi na littafi, da 520 na taƙaitaccen bayani. Da an cika 505 na littafin nan da kika tsinta, da babin marina ya fito miki tun ranar farko. Abin da ke hana mu shi ne yawan aiki da ƙarancin hannu, shi ya sa akan kwafo bayanin littafi daga waje yadda yake a wuce. Kundin ɗalibi kuwa babu inda za a kwafo shi, sai dai mu.

Ku ma ɗalibai da naku. 'Yan kalmomin da ake ce ku rubuta a ƙarƙashin tsakuren kundi, yawancinku sai ku maimaita kalmomin take. In kin zo naki ki sa kalmomin marina na ainihi, da Hausa, da ƙugiyarsu.

Ki je wurin mai kula da sashen kundayen naku da ladabi, ki roƙi a bar ki ki duba jerin babin kundayen tarihi da na Hausa da na nazarin ƙasa. Duk wanda kika ga rini a ciki ki rubuta lambarsa da kalmomin da suka dace, ki miƙa masa takardar. Mai aikin da aka kawo wa irin wannan a shirye, da wuya ya ƙi shigarwa.

Dattijo daga Daura:

Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai ina da jan hankali ɗaya. In kowa ya zuba kalmar da ya ga dama a gurbin nan, bayan 'yan shekaru za ku koma gidan jiya: wannan ya sa marina, wancan karofi, wani ramin rini, mai nema ya sami kashi ɗaya ya rasa biyu. Ku buɗe littafi guda ku ajiye a kan teburin aiki. Ku zaɓi kalma ɗaya ta zama uwa, sauran a rubuta su da "duba kaza" a gabansu. Inda kalma ke da fuska biyu a bambanta, a rubuta baba na rini daban, Karofi gari daban. A gefe kuma a sa takwararta ta jerin Turanci, don wanda ya zo ta can ma ya iso. Ranar da yaron nan zai kawo na'urarsa, wannan littafin da katunan da kuka gyara su ne abin da zai ba ta.

Ɗiyata, ke kuma in kin je wurin tsofaffin marina, kada ki tsaya ga sunayen kaya. Ki tambayi sunan kowane mataki, daga jiƙa baba zuwa ranar da ruwan ya nuna, da sunan kowane launi tun daga mai haske har zuwa wanda ya yi baƙi, ki kuma rubuta garin da kika ji kowace kalma, don abin da ake faɗi a Katsina ba lallai shi ake faɗi a nan Daura ba. In kin haɗa ki kawo nan zauren mu duba tare kafin ki kai laburaren.